Fitila a Hannun Wa?

Kalmar da Turawan Ingila ke kiran haske da ita, wato "light", haruffa biyar gare ta a rubuce, amma idan an zo furta ta biyu daga cikinsu ba sa motsi. Ɗan firamare da ya fara koyon Ingilishi yakan tambayi dalilin da ya sa ake wahalar da shi da rubuta "g" da "h" alhali ba a faɗinsu, malami kuma yakan sallame shi da cewa haka Turawa suka ga dama. Amsar ta fi haka tsawo. Shekaru dubu da suka wuce mutanen Ingila "leoht" suke rubutawa, kuma akwai wani sauti da suke fitarwa a tsakiyar kalmar, mai ɗan kama da harafin "kha" na Larabci. Har yau Jamusawa suna cewa "Licht", sautin yana nan a bakinsu. A Ingila ne ya zube sannu a hankali, a daidai zamanin da injin buga littattafai, wanda William Caxton ya kafa a Westminster a 1476, ya fara daskarar da yadda ake rubuta kalmomi. Baki ya ci gaba da tafiyarsa, takarda ta tsaya inda take. Haruffan nan biyu kufai ne na wani sauti da ya riga ya tashi.

Masana tarihin harshe sun bi sawun kalmar fiye da nan. Tun bayan da William Jones, wani alƙali Bature da ke aiki a Kalkata ta ƙasar Indiya, ya yi jawabi a 1786 yana nuna cewa Sanskirit da Girkanci da Latin daga tsatso ɗaya suka fito, aka duƙufa ga kwatanta kalmomin waɗannan harsuna, har aka iya ƙiyasta saiwoyin tsohon harshen da ya haife su, wanda ba a taɓa rubuta shi ba. Ɗaya daga cikin saiwoyin ita ce "leuk", mai ma'anar haskakawa. Daga gare ta Latin ya sami "lux", haske, da "luna", wata. Daga gare ta Girkanci ya sami "leukos", fari, wanda likitoci suka ara suka raɗa wa sankarar jini suna. Daga gare ta kuma aka sami "Lucifer", wanda a bakin Rumawa ba ya nufin komai face mai ɗauke da haske, sunan da suke kiran tauraron asuba da shi, wanda mu muke ce wa gamzaki. Da aka fassara Littafin Ishaya zuwa Latin wajen ƙarshen ƙarni na 4, aka yi amfani da wannan suna a wani wuri da ke magana kan faɗuwar wani sarki mai girman kai, malaman Kirista kuwa suka fahimci wurin a kan Shaiɗan. Ta haka mai ɗauke da haske ya zama sunan Iblis a ƙasashen Turai. Ina roƙon mai karatu ya ajiye wannan a ransa, domin tambayar da zan yi ba ta da nisa da shi.

Akwai takwarar kalmar da ya kamata in kawar gefe tun yanzu. Ingilishi yana amfani da rubutu ɗaya da furuci ɗaya wajen kiran abu mara nauyi, har ɗalibi ya ɗauka kalma ɗaya ce mai fuska biyu. Asalinsu dabam ne. Ta rashin nauyi daga wata saiwa ta fito, 'yar'uwar "levis" ce ta Latin, kuma daga gidansu ne sunan huhu ya fito a Ingilishi, saboda huhu ya fi sauran kayan ciki rashin nauyi. Mahautan Ingila ma "lights" suke kiran huhun dabba. Zaman tare ne ya mai da kalmomin biyu kamar tagwaye, yadda baƙi biyu kan daɗe a unguwa ɗaya har jikokinsu su riƙa cewa gidansu ɗaya.

Ma'anar kalmar ta farko ita ce wadda yaro ma ya sani: abin da ke fitowa daga rana ko wuta, ya sa ido ya gani. Mutane sun daɗe suna zaton ido ne ke aika wani abu ya je ya taɓo abin da ake kallo, sai da Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya kafa hujja a cikin Kitabul Manazir a farkon ƙarni na 11 cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shigo ido. Aikin ido karɓa ne. Daga wannan ma'ana ta zahiri aka yi taki ɗaya zuwa ta biyu, wato sani. Bature idan ya fahimci magana yakan ce ya gani. Idan aka warware masa matsala yakan ce an zuba mata haske, asiri idan ya tonu kuma ya ce ya fito haske. Wannan taki ba Turawa kaɗai suka yi shi ba. Bahaushe yana cewa a ƙara masa haske a kan magana, yana kiran jahilci duhun kai, kalmarmu ta "gane" ma ɗiyar "gani" ce. Aflatun ya kwatanta marasa ilimi da mutanen da aka ɗaure a cikin kogo, suna kallon inuwa a jikin bango suna zaton ita ce duniya. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tafi nesa da haka a cikin Mishkatul Anwar, inda ya nuna cewa hankali ya fi ido cancantar a kira shi haske, domin ido ba ya ganin kansa, ba ya ganin abin da ya yi nisa ƙwarai ko ya matso ƙwarai, yana kuma ganin babban tauraro kamar ɗan ƙaramin abu.

Ba ni da ja a kan wannan taki. Kamanni tsakanin haske da sani na gaskiya ne, kuma yana da wani sirri mai kyau: fitila ba ta ƙirƙiro abin da ke cikin ɗaki, tana nuna abin da dama yana nan ne. Kunamar da ke ƙarƙashin tabarma tana nan tun kafin a kunna ashana. Haka shi ma sani na ƙwarai yake, mutum yana samun gaskiya ne a inda take, ko ta yi masa daɗi ko ba ta yi ba.

Taki na uku ne ya tsaya mini a rai. Daga sani sai aka zarce zuwa nagarta, haske ya zama sunan duk abin da yake alheri, duhu ya zama sunan mugunta. Muna cewa fuskar mutumin kirki tana annuri, muna raɗa wa 'ya'yanmu Nura da Nuriya da Munir. Muna da farin ciki da farin jini da farar aniya, muna da baƙin hali da baƙar zuciya. Ingilishi ma cike yake da irin wannan rabo. Da zarar harshe ya yi wannan ɗauri, duk wanda ya riga kiran abin da ya kawo haske ya ci rabin gardama kafin a fara ta, domin ba wanda zai miƙe ya ce shi ɗan goyon bayan duhu ne. Tambayata ke nan: shin duk abin da aka kira haske alheri ne ga wanda aka kawo wa?

Turawa sun raɗa wa ƙarninsu na 18 suna daga wannan kalma. Ingilishi ya ce "Enlightenment", Faransanci ya kira shi zamanin fitilu, Jamusanci ya zaɓi kalmar da ake amfani da ita idan gajimare ya washe. A 1784 Immanuel Kant ya rubuta wata gajeriyar maƙala yana bayanin abin da ake nufi, inda ya nuna cewa wayewa ita ce mutum ya fita daga ƙuruciyar da ya jawo wa kansa, ya yi ƙarfin halin aiki da hankalinsa ba tare da wani ya riƙe masa hannu ba. Magana ce mai nauyi, kuma zamanin ya haifar da abubuwan da ba mai musun amfaninsu, daga binciken kimiyya zuwa yaƙi da azabtar da waɗanda ake tuhuma. Sai dai shi wannan Kant ɗin, shekaru ashirin kafin nan, ya rubuta maganganun raini a kan baƙar fata, yana dogara da David Hume, alhali bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Mutumin da ya ce kowa ya kunna fitilarsa ya riga ya yanke cewa akwai waɗanda ba su da lagwani.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Henry Morton Stanley ya sa wa littafinsa na 1878 suna da ke kiran Afirka nahiyar duhu, na 1890 kuma ya ƙara wa duhun kauri. Frederick Lugard, wanda sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ya wallafa littafi a 1922 yana kare mulkin mallaka, inda ya kwatanta aikin Ingila da kai wutar ci gaba zuwa wurare masu duhu na duniya, kuma a wuri guda ya amsa cewa ana yin haka ne tare da biyan bukatun Turai na dukiya. A nan ne ake ganin aikin da kalmar ke yi. Wanda ya ce ya zo da haske ya riga ya faɗi abin da ya tarar, ko bai furta ba. Ba ya bukatar ya tambayi masu gida me suke gani, domin a lissafinsa ba sa ganin komai.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙasar da aka kawo wa wannan wuta tana cike da littattafan da sunayensu haske ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta Nurul Albabi, hasken zukata, inda ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ƙaninsa Abdullahi ya sa wa jerin littattafansa Liya'u, daga Liya'ul Hukkami da ya rubuta a Kano don jagorantar masu mulki, har zuwa tafsirinsa Liya'ut Ta'awili. Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, jajis suna kai karatu ƙauyuka ga matan da ba za su iya zuwa ba. Ba na kawo wannan don in ce namu hasken ya tsira daga tarkon da na ambata. Shehu Muhammadu Al'amin Elkanemi na Barno ya rubuta wa shugabannin jihadi wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi, Muhammadu Bello kuma ya adana muhawarar a cikin Infaƙul Maisuri. Ke nan tun kafin zuwan Turawa an yi ta ja a kan wanda ke da ikon cewa wane yana cikin duhu. A yau ma ɗan boko yana duban baƙauye ya ce bai waye ba, mai wa'azi yana duban ɗan boko ya ce ya ɓata, kowanne da fitilarsa a hannu yana haska fuskar ɗayan.

To, idan kowa na iya kiran nasa haske, da me za a rarrabe? A ganina harshenmu ya riga ya ajiye ma'auni a cikin nahawunsa, ba mu dai lura da shi ba ne. Akwai bambanci tsakanin "ya haska mini" da "ya haske ni". A jimla ta farko ni ne mai gani: an ɗaga fitila don in ga hanya, in ga rami, in zaɓi inda zan sa ƙafa. A ta biyu ni ne abin gani: an dallare mini ido, kowa yana kallona, ni kuwa ba na ganin komai, har da wanda ya haske ni. Hasken ɗaya ne, ƙarfinsa ɗaya, man da ya ci ɗaya. Abin da ya sauya shi ne inda aka juya shi da wanda yake yi wa aiki. Irin wannan bambanci yana nan tsakanin "gari ya waye" da "wayar da kai". Gari idan ya waye, ya waye wa sarki da bafade da mai tallan koko a lokaci guda, ba wanda ya riƙe shi. Wayar da kai kuwa tana da mai yi da wanda ake yi wa, don haka kullum akwai wurin tambaya: wa ya aiko ka, kuma me kake so in gani?

Tarihi ya ba da misalin haske na biyu a fili, ba tare da kwaskwarima ba. A 1713, shekara guda bayan wani boren bayi, hukumar birnin Niyu Yok ta kafa doka cewa duk bawan da ya haura shekara 14, baƙar fata ne ko ɗan asalin ƙasar, kada ya fito titi da dare sai yana ɗauke da fitila mai kyandir a kunne, wanda ya saɓa kuwa a yi masa bulala. Fitilar tana hannun bawan, amma ba tasa ba ce. An ɗora masa ita ne don a hango shi daga nesa, a san ko wane ne, a tare shi. Mai 'yanci yana da damar tafiya cikin duhu, bawa ba shi da ita. A 1791 kuma Jeremy Bentham, masanin falsafa na Ingila, ya wallafa tsarin wani gidan yari mai siffar zobe, ɗakunan fursunoni a kewaye, hasumiyar mai gadi a tsakiya. Kowane ɗaki yana da taga mai shigo da haske yadda za a ga fursuna sarai, hasumiyar kuwa a lulluɓe take, fursuna ba zai san ko ana kallonsa ko ba a kallonsa ba. Bentham da kyakkyawar niyya ya zana wannan, yana ganin ya fi kurkukun ƙarƙashin ƙasa tausayi. Amma hikimar ginin duka ta tsaya ne a kan rabon haske: mai rauni a bayyane, mai iko a ɓoye.

Kalmar Ingilishin nan ta shigo Hausa a ɓoye cikin "tocilan", kuma na ga kamar ta shigo da halinta. Fitilar aci-balbal ko ta ƙwai idan aka ajiye ta a tsakar gida tana haska kowa, har da wanda ya kunna ta. Tocilan an ƙera ta ne ta tura haske gaba kawai. Duk wanda aka taɓa tsayarwa a hanya da dare ya san yadda abin yake: murya tana fitowa daga bayan hasken tana tambaya, fuskar mai muryar ba a ganinta.

Wani lauya na Amurka, Louis Brandeis, wanda daga baya ya zama alƙalin kotun ƙoli, ya fahimci wannan rabo fiye da yawancin masana falsafa. A 1890, shi da abokinsa Samuel Warren sun rubuta maƙalar da ta zama harsashin haƙƙin sirri a dokar ƙasarsu, saboda damuwa da yadda jaridu da sababbin kyamarori suka fara kutsawa cikin rayuwar mutane. A 1913 kuma shi ɗin ne ya yi kira da a tilasta wa manyan bankuna bayyana harkokinsu, yana kwatanta bayyanawa da hasken rana mai kashe ƙwayoyin cuta. Mai gaggawa zai ce mutumin ya yi tufka da warwara. Ni ina ganin magana ɗaya ya yi sau biyu. Wanda ke riƙe da dukiyar jama'a ko ikonsu, jama'a suna da haƙƙin ganin hannunsa. Wanda ba ya riƙe da komai na kowa, yana da haƙƙin a bar shi da labulensa.

Mu kuwa a yau sau da yawa mun kifar da wannan tsari. A watan azumi za a tara mata da tsofaffi a jere, a ɗora wa kowa ɗan buhun shinkafa a ka, a ɗauki hoto, kafin su isa gida fuskokinsu sun zagaye Facebook. Matar da ta shekara tana ɓoye wa maƙwabta cewa tukunyarta ba ta hau murhu ba, an tona ta a yini ɗaya, kuma ba wanda ya tambaye ta. Ba za ta iya ƙi ba, domin yara suna jira. Kuɗin da aka sayi shinkafar kuwa, daga ina suka fito, nawa ne, nawa suka saura, wannan yana bayan kyamara. Nijeriya tana da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, wadda ta ba ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta ba da amsa. Dokar fitila ce da aka juya sama. Amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa ɗaukarta, idan aka kwatanta da waɗanda ke zaro waya su ɗauki hoton wanda ya yi haɗarin mota yana kwance cikin jini? Haska na ƙasa ba ya bukatar jarumta, shi ya sa ya yi araha.

Akwai suka mai ƙarfi da za a yi wa abin da na faɗa, kuma ba zan kauce mata ba. Za a ce: kana yabon sutura da rufin asiri, ka manta cewa a ƙarƙashinsu ne ake binne manyan laifuka. Gaskiya ne. Bahaushen da ya ce dare mahutar bawa shi ne ya ce dare rigar mugu. Yarinya ƙarama za a yi wa fyaɗe, dangi su taru su ce a rufa asiri, a bar wa Allah, kada sunan gida ya ɓaci. Mace za ta shekara goma tana shan duka, duk wanda ta kai wa kuka ya ce mata sirrin aure ba a fitar da shi. A irin waɗannan gidaje duhu ba hutu ba ne, kuma wanda ya zo ya ɗage labule ya yi aikin alheri ko da masu gida sun tsine masa. Mai wannan suka zai ƙara da cewa mai laifin a nan ba gwamna ba ne, ba mai banki ba ne, wataƙila talaka ne fitik, saboda haka rabon da na yi tsakanin na sama da na ƙasa bai kama shi ba.

Amsata ita ce rabon ya kama shi, in dai an fahimci cewa iko ba a fadar gwamnati kaɗai yake ba. A cikin ɗakin da abin ya faru, babban mutum shi ne mai iko, yarinyar ita ce mai rauni. Idan aka duba abin da ake kira rufin asiri a irin wannan hali, za a ga ba ita aka rufa wa ba. Labarinta yakan fita duk da haka, ta bakin maƙwabta, a gidan biki, a wajen ɗiban ruwa, har ranar da za a zo neman aurenta wani ya yi raɗa. Wanda aka rufa wa shi ne mai laifin, yana ci gaba da zama a majalisa ana gaishe shi. Wato an haske ta, shi kuma an ba shi hasumiyar Bentham. Gyaran ba ya bukatar a watsar da sutura, yana bukatar a mai da ita kan wadda ta dace da ita, a juya fitilar ga wanda ya yi aikin. Addinin da yawancinmu ke bi ya haɗa waɗannan biyu ba tare da ganin saɓani ba: ya hana bin diddigin asirin mutane, ya kuma hana ɓoye shaida idan haƙƙin wani ya rataya a kanta.

Na yarda cewa ma'aunin ba ya yanke kowace shari'a cikin sauƙi. Akwai lokacin da ba a san mai ƙarfi da mai rauni ba sai an bincika, binciken kansa kuma haskawa ne. Akwai wanda za a zarga da ƙarya, a watsa hotonsa, kafin gaskiya ta fito an gama da shi. Abin da ma'aunin ke yi shi ne ya hana mu gamsuwa da kalmar kawai. Idan wani ya ce ya zo ya fito da gaskiya fili, ya rage a tambaye shi ko shi ma zai tsaya a cikin filin.

Ingilishi na zamani ya ƙara wa kalmar wata ma'ana da ke nuna mataki na ƙarshe na wannan iko. A 1938 Patrick Hamilton ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna Gas Light, aka mai da shi fim a Amurka a 1944. Labarin wani miji ne da ke hawa saman gida a ɓoye yana neman dukiya, idan ya kunna fitilun can sai na ƙasa su dushe, shi kuma yana ta aikin shawo kan matarsa cewa hankalinta ne ya taɓu. Daga nan aka sami "gaslighting", wadda ƙamus ɗin Merriam-Webster ya zaɓa a matsayin kalmar shekarar 2022, ma'ana ka sa mutum ya daina yarda da abin da idonsa ya gani. Mai fitilar a nan bai tsaya ga zaɓen inda zai haska ba, ya kai ga gaya maka ko akwai haske ko babu.

A Ingilishin Nijeriya kuwa kalmar ta sauka ƙasa, ta zama sunan lantarki. Mutumin Legas yana cewa an kawo "light" ko da tsakar rana ce, ko da abin da yake jira shi ne injin niƙa ya tashi. Bahaushe da ya ga abin nan a cikin waya bai kira shi haske ba, ya kira shi wuta: an kawo wuta, an ɗauke wuta, kuɗin wuta. Kalma ce da muke dafa abinci da ita, muke jin ɗumi da ita, ita ce kuma ke cinye kasuwa a dare ɗaya. Idan aka kawo ta bayan kwana biyu, yara suna ihu a waje, uwa kuwa takan fara duban ƙwan da ke rataye ta ga ko ya yi ƙarfi fiye da kima, in ya yi ta hanzarta zare firji da talabijin daga soket kafin ta bar kowa ya zauna kallo.